Dabinon da Ya Ƙi Rabuwa

Ba zan taɓa mantawa da sadakar arba'in ta Malam Shatima ba, ko na so mantawa ma mutanen Gure ba za su bari ba.

Ni fa ban taɓa shiga lekol ba, wato makarantar boko, amma duk unguwarmu in za a yi rabo ni ake kira. Ban taɓa rabon da ya bar saura ba (haka nake faɗa wa duk mai kunne).

Ran nan ƙanen marigayin ya zo daga Gidigir da ƙwaryar dabino, aka dire gabana. Na kasa biyu, na maza da na mata. Ɗaya ya rage. Na tattara na kasa uku. Ɗaya ya rage. Huɗu, biyar, shida, kullum guda ɗaya zaune tsakiyar tabarma kamar yana kallona. Ga shi tabarmar nan ita ce wadda marigayi ke zama a kai, har da gurbin gwiwarsa.

Na kasa bakwai, ɗaya ya sake ragewa. Maimakon in ce abin ya fi ƙarfina, sai na gyara kallabi na ce, "Falmata, mijinki bai kwanta ba. Rabonsa yake nema."

Falmata ta zube tana kuka, tana tambayar me ta yi masa. Mata suka fara laluben takalma.

Sai 'yarsu Hadiza, malamar lekol, ta durƙusa ta ƙirga tsibi ɗaya, ta motsa baki.

"Inna, ɗari huɗu da ashirin da ɗaya ne. Wannan lamba ba ta rabuwa. Ko ki bar shi tsibi guda, ko ki nemo mutane iya yawansa ki ba su ɗai-ɗai. Irinta ba su da iyaka, wata ma rubuta ta sai ya cika littafi."

"To wa ya hana su rabuwa?" na ce.

"Haka Allah ya yi su. Ki bar Baba ya huta."

Yayar Falmata, tsohuwar da haƙori biyu suka rage mata, ta miƙa hannu ta jefa dabinon baki.

"To, ga aljanin naki na cinye, Sarkin Rabo."

Ta tofar da ƙwallon gindin randa. Sauran kuwa, yadda duk aka kasa daga biyu har bakwai, daidai. Dariyar da aka yi min, har Falmata da hawayenta.

Ƙwallon nan ya tsiro. Yanzu ya fi ni tsawo, ana ce masa Rabon Malam, kuma ba wanda ke tsinkarsa. Ni dai ta bayan gidan nake bi.

Tun daga ranar, in na yi rabo na ga saura ɗaya, baki nake jefa shi kafin bakin ya yi magana.