Ranar da Angarib Ya Kimanta Gida

Bari in fara da kaina, ni Almu, kada a ce na taka tuduna ina hango na wani. Bara waccan, da aka sayar da alkama, na ƙudura sai na burge matata Amina da dolab mai madubi, irin wanda matan birni ke jera tufafi a ciki. Na auna ƙofar ɗakinta da kyau, har sau biyu. Sai dai abin da na auna da shi robar tayar keke ce. A kasuwar Hasahisa na ja ta ta miƙe, na ƙara ja ta ƙara miƙewa, mai dolab yana gyaɗa kai yana cewa tamam, daidai ne. Yau shekara biyu ke nan dolab yana tsakar gida a gindin dogon yaro. Wata kaza wake-wake ta kama hawa na biyu, tana ƙwai tana kallon kanta a madubi.

Da na san darajar ilimi, da tun farko na nemi Ustaz Muzammil.

Allah ya yi wa ƙauyenmu baiwa biyu, ruwan tur'a, wato magudanar da ke shayar da gonakinmu, da Ustaz Muzammil, kuma ita tur'a takan ƙafe. Mutum ne da ya yi wata goma sha ɗaya cur a Jidda. Shi ya ce bene mai hawa tara yake kula da shi, mahassada suka ce gadi yake a bakin ƙofa, ni kuwa ban ga inda maganganun biyu suka saɓa ba. Ya dawo da jakar fata, da tef na awo mai komawa gidansa da kansa, da rawani mai tsawon da zai yi wa marayu uku riga. Kada ka kuskura ka ce da shi dillali. Shi masanin darajar gidaje ne. Mu dai Baban Mita muke kiransa, a bayan idonsa, saboda girmamawa.

Babu abin da bai kimanta ba a garin nan, kuma kyauta, ba tare da an roƙe shi ba. Ya kimanta masallaci. Ya kimanta rumbun liman. Ranar wani suna ya tsaya ya kimanta inuwar da muke cin tuwo a ƙarƙashinta, ya ce da a Jidda take da sai mai fasfo.

To, yayata Mairama ce ta faɗa hannunsa. Mijinta Malam Sa'id ya rasu ya bar mata hawasha, gonar nan mai shan ruwan tur'a wadda ta ciyar da gidan shekara arba'in. Gwiwoyinta sun gaji, 'yarta Widad kuma tana aikin jinya a Hasahisa, tana so uwar ta matso kusa. Wani ya taya hawashar, ya ba ta zuwa Lahadi ta ce e ko a'a. Kowa a yankinmu na Jazira ya san hawasha in ta fita hannu ba ta san hanyar komowa ba. Abin da za ta samu kuwa bai fi ya saya mata 'yar shakka ba, wato ɗaki biyu a saman bene, a tsohuwar kasuwa. Baban Mita ne ya gano wurin, ya je ya duba shi ranar Juma'a da azahar, ya dawo ya tara mu a zaure.

"Ya Hajja, wanga ba gida ba ne, tarihi ne. Wani ɗan Girka mai sayen auduga ya gina shi tun zamanin Ingilishi. Kaurin bango kamu biyu. Taga tana kallon kogi, in kin leƙa da kyau, in kuma kin ɗan karkata. Larabawa sunka ce maƙwabci kafin gida, to na auna maƙwabta, shiru awa maƙabarta. Ruwa kuwa, kogin Nilu ne anka sa cikin bango, ki murɗa ya gaishe ki."

Ya ci gaba da bayanin cewa ƙanƙantar ɗaki ita ce wayewa, a ƙasashen da suka ci gaba attajiri yakan miƙa hannu daga gado ya taɓa duk abin da ya mallaka. Yaya tana ta jan carbi. Da ya numfasa sai ta yi tambaya ɗaya tak, ko angarib ɗin Malam zai shiga.

Wanda bai san angarib ba, gadon katako ne da ake saƙa cikinsa da igiya. A kansa ake haihuwarmu, a kansa muke shan iska a tsakar gida, a kansa kuma ake ɗaukar mutum zuwa makwancinsa na ƙarshe. Na Malam irin na dā ne, katakon sunut, wato bagaruwa, mai nauyin jaki, shi da kansa ya saƙa igiyarsa, kuma gadon ne ya kai shi kabari ya dawo.

Ustaz ya yi dariyar masu ilimi, wadda ake yi ta hanci. Ya zaro tef, ya auna gadon tsaye da kwance, ya buɗe wani littafi ya dudduba, ya ce ƙofar shakka ta fi gadon da santimita goma sha ɗaya, biyu ma sa shiga a jere suna hira. Yaya ta ce ita ba ta san santimita ba, ba ta kuma san ubansa ba, gani ya kori ji, a ɗora gado a mota.

Haka muka shiga Hasahisa ranar Asabar da hantsi a boksin Yakubu direba, wato motarsa a-kori-kura, Ustaz a gaba ya rungume jaka, ni da Yaya a baya muna zaune a kan angarib kamar amare.

Gaskiya ginin yana da kwarjini. Jan bulo, tagogi masu katako kore, baranda ƙarama a sama kamar aljihun riga. Unguwar kuwa tsit, don wutar lantarki ta ɗauke tun asuba. Ustaz ya ɗaga yatsa ya ce mu saurara. Muka saurara. Ya ce wannan shirun kaɗai ya kai rabin hawasha.

Aka sauke gado. Ustaz ya ce shi zai shiga gaba, don jagora ba ya bin baya. Ya kama ƙafafun sama yana hawa da baya da baya, ni da Yakubu muna turawa daga ƙasa. Ƙofa ta karɓe mu da santimitarta goma sha ɗaya, Ustaz ya leƙo ya kalli Yaya, kallon da malami ke yi wa wanda ya yi musu. Taki bakwai muka hau lafiya. A na takwas matakala ta yi kwana.

Ashe ɗan Girkan nan siriri ne, kuma a kan katifa yake kwana. Ko ba a gwada ba linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, amma mu sai da muka gwada. Ustaz ya ce a karkata dama, aka karkata. Ya ce a ɗaga hagu a tura da ƙarfi da sunan Allah. Muka tura da sunan Allah. Gado ya ce ƙaƙas, ƙafa ɗaya ta cije bango, ɗaya ta shige cikin ƙarfen dogarawa, ya zauna daram kamar tare aka gina su. Ba gaba, ba baya. Mu a ƙasa, Baban Mita a sama, shi kaɗai da tarihi.

Da wani ne da ya ruɗe. Shi kuwa sai ga shi a baranda yana gyara rawani, ya sanar da mu cewa wannan ma alama ce ta tsaro, gidan da gado bai shiga ba ɓarawo da me zai fita.

Yakubu ya ce a kira kafinta ya yanke ƙafa ɗaya. Yaya ta ce in ƙafa za a yanke a fara da ta Ustaz. Aka ce to a kwance igiya a warware katakon. Ta ce igiyar da Malam ya saƙa, wanda ya taɓa ta sai ya bi Malam ya ba shi haƙuri. Ta shimfiɗa mayafi a inuwar bango ta zauna, ta aika aka kawo mata shayi.

Nan fa maƙwabta suka fara gabatar da kansu. Wajen ƙarfe goma makeran da ke bayan ginin suka buɗe, masu yin murhu da bokiti daga tsohuwar ganga, guduma shida kowace da ra'ayinta. Ustaz ya ɗaga murya daga baranda ya ce wannan shi ake kira unguwa mai rai. Can sai ga karon jaki, wato amalanke, ya tsaya daidai ƙarƙashin taga da garewanin fasik, kifin nan da ake jiƙawa da gishiri har ya manta shi kifi ne. Ustaz ya toshe hanci da gefen rawani, ya ce ta cikinsa, kusanci da abinci yana ƙara wa gida daraja. Mutanen kasuwa suka taru suna kallonsa. Shi kuwa da ya ga taro sai ya ɗauka nasa ne, ya shiga yi musu lacca a kan kaurin bango.

Rana ta take. Lacca ta fara tsinkewa. Muka ji ya shiga ciki, muka ji ƙugin famfo, wani dogon tsaki kamar na tsohuwar da aka tasa daga barci. Kogin Nilu bai gaishe shi ba. Ya dawo baranda leɓe a bushe, ya tambaya cikin murya ƙasa-ƙasa ko akwai mai igiya. Babu. Girman kai rawanin tsiya, in ji mutane, amma ranar na ga rawani ya yi amfani. Ya warware shi kaf, ya zuro shi ƙasa, na ɗaura masa butar ruwa ya ja. Karo na farko ke nan da ƙauyenmu ya ga tsakiyar kan Ustaz, kuma in za a kimanta ta, fili ne da ba a taɓa nomawa ba.

Ana kiran azahar wuta ta dawo. Sai a lokacin muka san abin da ke cikin shagon da ke ƙarƙashin shakkar, wanda Ustaz ya tarar a kulle ranar Juma'a. Injin niƙa ne. Mai shi ya danna, ginin ɗan Girka ya ɗauki rawa tun daga tushe. Tagogi suna kaɗawa, ƙura tana zuba, Ustaz ya riƙe ƙarfen baranda da hannu biyu, kumatunsa suna karkarwa. Duk da haka sai da ya buɗe baki.

"Wa-wannan gir-girgiza tana da am-amfani ga gwiwa, ya Hajja."

Bai rufe baki ba muka ji ƙara a matakala. Abin da ƙarti biyu da masani ɗaya suka kasa, injin ya yi shi cikin minti guda. Angarib ya saki bango, ya gangaro taki takwas da kansa, ya fito ta ƙofa da santimitarsa goma sha ɗaya, ya tsaya a gaban Yaya da ƙafafunsa huɗu.

Ta shafa igiyar, ta duba ba abin da ya tsinke. Sannan ta ɗaga kai.

"Muzammil, gidan da angarib bai shiga, ran da na mutu da mi za a fid da ni? A naɗe ni awa tabarma a jeho ta taga, bisa kifi? Malam ya ga gida, ya ce bai yi ba. Yakubu, ɗora muna gado."

Ko hawa ba ta yi ba. Ta ce a gaya wa mai sayen hawasha ya sha Lahadinsa lafiya, Widad kuma ta riƙa zuwa ran Juma'a, mota ba ta ƙare ba.

A hanyar komawa Ustaz ya ce gaba ta yi zafi, ya dawo baya ya zauna a bakin gadon da ya kayar da shi, yana naɗa jiƙaƙƙen rawani. Na daure har muka haye gadar tur'a. Daga nan bakina ya fi ƙarfina. Na ce, Ustaz, don Allah a ilimin Jidda, nawa ake kimanta awa huɗu a baranda, da kifi da rawa kyauta?

Bai ko kalle ni ba. Ya soke bakin rawani, ya kaɗe ƙurar gari daga kafaɗa.

"Almu, ni nawa kuskure awa huɗu ya yi ya sauko da ƙafarsa. Naka shekara biyu shina tsakar gida. Kuma na daɗe da kimanta gidanka, kunya ta hana in faɗa maka: ɗaki guda ne mai daraja a ciki, shi ma kaza ta riga ka."