Yadda Ake Korar Dodon Koɗi Daga Tankin Kifin Surukinka

Kai da surukinka ya yi tafiya ya bar maka amanar tankin kifinsa na ruwan gishiri, matso kusa. Bi matakan nan sau da ƙafa, na yi maka alkawari damuwarka da dodon koɗi za ta ƙare ƙurmus. Maƙwabcina Injiniya ya gwada su a kan idona.

Surukin nasa tsohon matuƙin jirgin ruwa ne. Shekara da shekaru yana renon murjani mai rai a cikin gilashin nan, ja da shuɗi, kamar furanni a kan dutse. Da zai tafi jinya sai ya miƙa wa Injiniya makullin gida, ya ce, "Ɗana, abinci kawai za ka zuba musu. Kada ka ƙara komai."

1. Ƙara wani abu

Tsoho ya ce kada a ƙara, amma ai shi ba injiniya ba ne. Wani abokin aiki ya ba mutuminmu dutsen teku kyauta. Masana na cewa a ware sabon dutse a bokiti a duba shi tukuna, ko da baƙi a cikin ramukansa. Masu lokaci ke nan! Jefa shi kai tsaye, kayan kyauta ba a yi musu bincike.

2. Musanta

Ba da jimawa ba baƙin, wato dodon koɗi, za su fito, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, su hau murjani suna ci, shi kuma yana yin fari. Matar Injiniya ta leƙa ta ce, "Baban yara, mene ne wannan ke bin murjanin Baba?"

Ya ce, "Ado ne. Sai teku mai lafiya ke yin su."

Haka ake so. Namiji ba ya cewa bai sani ba a gaban gilashi.

3. Tsince su da hannu

Naɗe hannun riga, ari hantsakin girar matarka ba tare da ka tambaya ba. Duk wanda ka cire ya riga ya bar ƙwai, saboda haka gobe ma akwai aiki. Idan ta ce, "Mu kira Baba a waya mana," ka ce ba a tayar wa marar lafiya hankali. Tausayi ne, ba tsoro ba.

4. Ɗauko sojan haya

Mai shagon kifi ya ce kifin talibambam na cin dodon koɗi. Gaskiya ya faɗa, sai dai Injiniya bai tsaya ya ji sauran abin da yake ci ba. Ya sayo ɗaya ya jefa a tanki. Gogan ya fara da jatan landen da ke ciki, ya koma kan ƙananan kifi, ya wanke baki da murjani. Dodon koɗi kuwa suka shige rami suna kallo. Tsugune ba ta ƙare ba, an sayar da kare an sayi biri.

5. Zuba gishiri

Nan ilimi zai yi rana. Kowa ya san in aka barbaɗa wa dodon koɗin bayan gida gishiri, narkewa yake yi. Kada ka bari wani ya tuna maka cewa waɗannan a cikin gishiri aka haife su. Ma'auni kuma na malalata ne. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Injiniya ya juye rabin buhu.

Washegari talibambam ya yi rigingine, murjani ya zama ƙashi. Dodon koɗi na ta yawo a jikin gilashi, har sun yi ƙiba.

6. Tarbi mai gida

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Ranar da tsoho ya dawo, Injiniya ya goge gilashi tas, ya ce, "Baba, kiwon dodon koɗi ake yayi yanzu. Ba sa ba da wahala."

Tsoho ya daɗe tsaye, ya dogara da sanda, idonsa ya ciko. Wallahi ni ma sai da na ji tausayinsa. Bai yi faɗa ba. Ya juya ga 'yarsa kawai, ya ce, "Amana biyu na ba shi. Na ga ɗaya. Ke fa, yaya kike?"

Ta sunkuyar da kai. Tsoho ya miƙa wa Injiniya hannu, ya karɓi makullinsa.

Hattara

Mai wannan shawara bai taɓa kiwon ko ɗan tsaki ba, kuma babu ruwansa da abin da ya biyo baya. Tun ranar matar Injiniya ta zauna jinyar mahaifinta, har yau jinyar ba ta ƙare ba, ko da yake tsoho ya warke sarai. Tankin kuwa an aiko wa Injiniya da shi har falo, da dodanninsa. Alkawarina ya cika: ba su ne damuwarsa ba yanzu.