Rasuwar Ɗan Abijan, Kasken Mushe Ezekiyel

Da zuciya mai cike da baƙin ciki har wuya, da idanun da ba su gama bushewa ba, iyalan Mushe Ezekiyel Nomau, malamin lakwal, wato makarantar boko, kuma jagoran mawaƙan majami'a a nan birnin Tahoua, suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar kaskensa na jin sauti, wato na'urar nan da ake ɗorawa a ka ta rufe kunnuwa biyu, wanda gari ya fi sani da suna Ɗan Abijan. Ya rasu ranar wata Asabar da hantsi, a kan tabarma, a hannun mai shi, bayan jinyar da ta ci ƙarfin gida gaba ɗaya.

Marigayin baƙo ne a ƙasar Adar. Bulus, yayan Mushe, wanda ya daɗe yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Abijan, shi ya kawo shi tsaraba a cikin akwati mai laushin ciki kamar shimfiɗar jariri. Ranar da ya iso, tsohuwarsu ta ji an ce Bulus ya kawo wa ƙanensa kasko daga bakin teku, ta aiko da kwaɓin masa a gwada shi. Da aka nuna mata shi, ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce a mayar mata da kwaɓinta kafin ya yi tsami.

Duk wanda ya san marigayin zai shaide shi da gaskiya. Bai taɓa ƙara wa waƙa abin da ba ta da shi ba, bai taɓa ɓoye mata aibi ba. In mai gurmi ya ja tsirkiya, sai ya kawo har ƙarar farcensa, ƙiris, kafin sautin ya fito. In mai kalangu ya matse hammata, ana jin kukan igiyar fatar, ƙiii, daban da dukan. In garayar mutanen arewa ta tashi da tafin mata a bayanta, Mushe yana iya faɗin wace ce ta makara da tafi. Ta bakin marigayin ne ya gano cewa a wani tsohon faifan waƙoƙin yabo da yake saurara tun yana saurayi, akwai wani bawan Allah a layin baya da ke fama da mura. Shekara da shekaru mutumin yana jan hanci a cikin faifan ba wanda ya sani, sai da Ɗan Abijan ya zo ya tona shi.

Ba za a yi maganar marigayin a bar wayarsa ba, don Mushe ya ɗauke ta a matsayin jijiyar wuyansa. Ta tagulla ce zalla, an lulluɓe ta da saƙar zare baƙi. A fadar shayin da ke gindin bishiyar bedin ƙofar Sulemanu, abokinsa mai sayar da kayan makaranta, Mushe ya sha yin bayani cewa kowane ƙarfe da halinsa. Ya ce tagulla tana kawo sauti da ɗumi kamar kunun safe. Azurfa tana kawo shi garau kamar ruwan randa sabuwa. Wayar kasuwa kuwa, mai gorar ruwa a ciki, in waƙa ta bi ta, fitowa take kamar ɓera ya faɗa gwangwani. Sulemanu ya saba ce masa waya dai waya ce, tun da wuta ba ta tambayar wace hanya aka bi da ita. A kan wannan magana shayi ya sha hucewa a kofi. Iyalan mamacin ba su da niyyar raba wannan gardama yau, ranar makoki ce.

Marigayin ya kasance mai kamun kai. Tun da ya shigo gidan, bai taɓa hawa kan kowa ba sai na Mushe. Ko Madam Debora, matar gida, iyakarta ta ɗaga akwatin ta share ƙarƙashinsa. Kuma yana da dama da hagunsa a rubuce, Mushe bai taɓa juya shi ba ko da wasa, yana cewa wanda ya sa kaske a juye zai iya sa wando a ka.

Ciwon ajali ya fara ne bayan wata tafiya Tebaram, inda Mushe ya je sunan ɗan wani abokin aikinsa a saman motar 'yan kasuwa, marigayin yana cikin jaka a cinyarsa. Da suka dawo, Mushe ya yi wanka, ya zauna, ya ɗora shi a ka. Dama ta amsa da muryarta ta kullum. Hagu kuwa sai wani gunaguni can ƙasa-ƙasa, wuuu, kamar mai magana daga cikin rijiya. Nan take Mushe ya gane shanyewar ɓarin jiki ce, kuma ya ɗora laifin a kan girgizar hanya, wadda a ganinsa ta gajiyar da tagullar.

Ba a yi sakaci da jinya ba. An goge bakin wayar da alkol, ruwan nan na wanke ciwo. An rataye ta a ƙusa ta miƙe, ko jinin sauti zai gudana. An nemo wata wayar daga babbar kasuwa, an nemo wata daga wani mai gyaran rediyo a Barmu da aka ce hannunsa da albarka. Hagu ba ta motsa ba. A wannan tsakani baƙin ciki ya canza halin Mushe. A aji ya riƙa yi wa 'yan layin hagu faɗa, wai sun koyi amsa tambaya a cikin maƙogwaro. A majami'a ya tsayar da waƙa ana tsakiyar gwaji, ya juya ga matan da ke tsaye ta hagunsa, ya ce in ba su karya kumallo ba su faɗa a sayo musu ƙosai, don shi baki kawai yake gani yana motsi. Baba Kande, wadda ta fi shekara talatin tana jan waƙa kuma ana jin muryarta daga bakin titi, ta ɗauki gyalenta ta tafi gida.

Daga nan Mushe ya yanke cewa azurfa ce kaɗai ta rage. Ya daina cin tuwo sai ya taɓa ya ture. Ya riƙa zama a tsakar gida da marigayin a cinya yana kallon hannun matarsa, inda take sanye da munduwar azurfa da ta gada daga kakarta, mai zanen da ya soma shafewa don tsufa. Bai roƙa ba. Kallo kawai yake yi yana ajiyar zuciya, har abin ya ishe ta.

Ta ce, "Baban Salama, hannuna kake kallo ko abin da ke hannun?"

Ya ce, "Ni ban ce komi ba."

Ta ce, "Gara ka ce. Wannan shirun naka ya fi magana nauyi."

Ta murza munduwar da sabulu kafin ta fita, don tun aurensu ba ta taɓa cire ta ba. Ta ajiye masa a kan akwatin, ta ce in abin ya warke to, in bai warke ba kada ya sake ya yi mata bayanin ƙarfe.

Alƙasum, maƙerin azurfa da ke bayan kasuwar dabbobi, shi ya karɓi aikin. Ya juya munduwar a tafin hannu, ya ce aikin tsofaffi ne, ya tambaya ko matar ta yarda. Da aka ce ta yarda, ya sake tambaya ko linzamin raƙumi ake so ko na doki, don bai taɓa jin an ja azurfa doguwa haka ba. Mushe ya yi masa bayanin kunun safe da ruwan randa. Alƙasum ya gyara rawaninsa, ya hura wuta. Ya ja azurfar siririya, ya yanke kawunan tsohuwar wayar tagulla ya liƙa mata, matarsa Zahara ta lulluɓe ta da jar fata, ta ƙara mata geza kore da rawaya don a ganinta abu mai daraja haka bai kamata ya fita tsirara ba. Ba a taɓa ganin waya mai kyan wannan ba a Tahoua. Da Mushe ya ratso kasuwa da ita, wani mai raƙumi ya bi shi har bakin titi yana taya ta.

An haɗa ta a gaban Sulemanu da Madam Debora. Mushe ya rufe ido. Ya ce dama ta yi haske, ya rantse yana jin ƙamshin ɗakin da aka ɗauki waƙar. Aka tambaye shi hagu fa. Sai hawaye ya gangaro masa. Sulemanu ya miƙa hannu ya ce a ba shi ya ji da kunnensa. Mushe ya rungume marigayin a ƙirji, ya ce mara lafiya ba abin yawo a kawunan mutane ba ne.

Washegari, da Madam ta tafi kasuwa, Mushe ya yanke shawarar yin tiyata. Ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kawo turnabis na kwance noti, da ƙusa da darma, ya hura murhun shayi. Ya buɗe kunnen marigayin na hagu, ya tarar da wata 'yar fata siririya kamar ɓawon albasa, tana sheƙi, ba tabo ko ɗaya. Ya taɓa ta da bakin turnabis don ya ji ko tana da rai. Ta ce ɓus. Hankalinsa ya tashi, ya ga ba yadda zai gyara ta sai ya ga yadda lafiyayya take, sai ya buɗe kunnen dama. Yana sunkuye da ƙusa mai zafi a hannu, ɗigon darma ya sauka a inda bai kamata ba. Da ya mayar da komai ya kunna, marigayin ya ce ƙirrr, ya ce tak, daga nan bai ƙara cewa komai ba.

Iyalan sun so su tsaya a nan, amma gari ya riga ya ji saura, gara a ji daga bakinsu. Ana cikin zaman makoki, Madam Debora ta zo ta hagun mijinta ta ce masa akuyar maƙwabta tana cin takardun jarrabawar yara. Bai motsa ba. Ta maimaita da ƙarfi, yana nan yana kallon akwatin. Ta tsaya ta dube shi, sannan ta zagaya ta damansa ta faɗa a hankali. Ya zabura ya bi akuya har waje ba takalmi. Da ya dawo yana haki, ya tarar ta yafa gyale tana riƙe da hularsa.

A gidan likita, wata ma'aikaciya mai suna Habi ta haska kunnensa na hagu, ta sa ɗan hantsaki, ta jawo dunƙulen auduga da ya yi baƙi ya taurare. Sai a lokacin Mushe ya tuna cewa a saman motar Tebaram ya toshe kunnuwansa da auduga don kada rurin inji ya ɓata masa ji, kuma da suka sauka ta dama kaɗai ya cire, ta hagu ta shige ciki. Duniya ta faɗo masa ta hagu gaba ɗaya, kukan jarirai da ƙarar babura da muryar mai tallar kankana. Ya nemi kujera ya zauna. Da suka kai ƙofar gida, ya dafa bango ya ce, "Maman Salama, ashe lafiyarsa ƙalau." Ta ce ta sani. Ya dubi hannunta inda munduwar ta bar farin zobe a fata, ya sunkuyar da kai.

Marigayin ya rasu ya bar akwatinsa, wanda har yanzu yake da siffar kwanciyarsa a ciki. Ya bar wayar tagulla, ba kai ba ƙafa. Ya bar wayoyin kasuwa guda biyu da ba a taɓa ɗaukar su 'yan gida ba, da wata tsohuwar rediyo da ake sa ran za ta riƙe gidan gwargwadon ƙarfinta. Ya bar Bulus a Abijan, wanda ba a sanar da shi ba tukuna, kuma ana roƙon masu zuwa can su bar wa iyali wannan nauyi. Ya bar gardamar tagulla da azurfa a inda ya same ta. Sulemanu ya yi alkawarin ba zai tayar da ita ba sai an share makoki, ko da yake an gan shi yana murmushi shi kaɗai a shago.

Iyalan suna godiya ga 'yan layin hagu na ajin Mushe bisa haƙurinsu. Mushe ya je gidan Baba Kande da kansa, hula a hannu. Ta bar shi a tsaye a rana har ya gama, sannan ta ce za ta dawo, amma daga yau ta hagunsa za ta tsaya, dab da kunnen.

Ba za a binne marigayin da wayar azurfa ba. Mushe zai mayar wa Alƙasum ita da ƙafarsa a sake ƙera munduwa. Maƙerin ya ce nauyin zai dawo, zanen kakar ne ba zai dawo ba, Madam kuwa ta ce a bar ta sumul, ba ta son sabon zane. Gezar an bar wa mai raƙumin nan in ya sake biyowa.

Za a yi jana'iza ranar Asabar mai zuwa bayan la'asar, a bayan gida kusa da zogale, tun da Fasto ya ce cikin ladabi maƙabartar majami'a ba ta da sashen kayan wuta. Za a rufe shi a akwatinsa, dama a dama, hagu a hagu. Matan mawaƙa za su yi waƙa ɗaya, Sulemanu zai dafa shayi. Ana roƙon jama'a kada kowa ya kawo ɗan abin jin sauti na kasuwa da sunan rage zafi, Mushe bai kai nan ba tukuna. Masu zuwa gaisuwa suna iya zama ta kowane ɓangare suka ga dama. Sai dai waɗanda dariya za ta kama, su daure su wuce gidan mai da ke kan kwana kafin su sake ta, domin mai makokin yanzu yana ji da kunnuwa biyu.