Kyaftin Mai Tsofar da Jirage

In ana lissafin masana jirgin sama, wajibi ne a fara da Kyaftin, sannan a dakata a sha ruwa kafin a ambaci wani. Mutum ne da ya mallaki jirage arba'in da bakwai, dukansu a ɗaki ɗaya, tsakanin banɗaki da inda ake jibge tsofaffin katifu. Babban cikinsu bai wuce tsawon hannu ba, kuma duk na roba ne, irin waɗanda ake sayowa gutsi-gutsi a kwali a liƙa da gam. Gaskiya ne Kyaftin bai taɓa tuƙa jirgi ba, bai ma taɓa shiga ba, amma mahassada ne kaɗai ke tayar da wannan ƙaramar maganar. Shekara talatin da biyu ya yi yana jera fayil a ofishin ruwa, kuma tagar ofishin tana kallon hanyar da jirage ke bi. Ranar da ya yi ritaya ya duba cancantarsa, ya ga ta isa, ya ba kansa muƙamin, ya sayo hula mai baki.

Haɗa jirgi ba shi ne abin da ya ɗaukaka Kyaftin ba, wannan ko wa ma ya iya. Baiwarsa ita ce tsofar da shi. Zai gama jirgi fes, sai ya zauna ya mayar da shi kamar ya shekara ashirin yana shan wahala. Yakan fara shafa fenti mai ruwan azurfa, ya barbaɗa gishiri a kai, ya fesa launi na biyu, in ya bushe ya kankare gishirin, sai ka ga fenti ya ɓaɓɓare kamar na tsohuwar ƙofa. Yakan yagi soson wanke-wanke ya dangwala a gefen fukafukai. Yakan niƙa alli baƙi ya yi hayaƙin salansa, ya tsinka baƙin fenti ya bi layukan jiki da shi. A dalilin wannan hidimar matarsa ta yi asarar gwangwanin gishiri uku, da soso ba adadi, da fensirin girarta.

Duk Asabar ƙungiyar masu wannan sha'awa takan taru a bayan kantin wani mai sayar da magani. Su shida ne, kuma biyar daga ciki sauraro suke zuwa yi.

"Jirgi mai tsabta ƙarya ne," in ji Kyaftin, yana nuna su da burushi. "Tsabta ta masu koyo ce. Ni in na kalli ɗigon mai ɗaya, ina gaya muku shekarun injin da halin matuƙinsa. Wannan ba a koyar da shi, da shi ake haihuwar mutum."

Likitan haƙori, wanda shi ne ma'aunin haƙurin ƙungiyar, yakan gyaɗa kai. A bayan ido kuma su biyar ɗin Sarkin Dauɗa suke ce masa.

Abu ɗaya ne ke ci wa Kyaftin rai, kuma da gaske yake ci masa. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana rubuta sunayen wasu a bangon fayil, nasa sunan bai taɓa hawa ko ƙofar ofis ba. Yana so kafin ya bar duniya ya ga sunansa a wani wuri da baƙo zai tsaya ya karanta.

Ana nan sai yayan matarsa ya zo gidan da kwali a hammata. Tsohon makaniken jirage ne, mai ƙarancin magana, kuma shi ne sakataren ƙungiyar tsofaffin makanikai. Ya ce akwai wani jirgi mai farfela biyu da suka shekara ashirin da shida suna kula da shi, yanzu an wargaza shi an yanyanka jikinsa, sai hotuna suka rage. Suna son a yi musu irinsa ƙarami, a sa a akwatin gilashi a zauren taronsu, a kafa allon tagulla ɗauke da sunan wanda ya yi. Ya miƙa kwalin kayan haɗin da ambulan ɗin hotuna. Kyaftin bai tambayi komai game da jirgin ba, girman allon kawai ya tambaya.

Mako uku ya yi yana haɗawa, kuma a faɗi gaskiya, hannunsa na da kyau. Jirgin ya fito fari tas da shuɗin layi, yana ƙyalli kamar yadda yake a hotunan. Da Yaya ya leƙo ya gani sai ya cire tabarau ya goge ido.

"Shi ne, wallahi shi ne. Don Allah kada ka ƙara masa komai."

Kyaftin ya yi murmushin tausayi. "Yaya, ku da sifana kuka san jirgi, ni kuwa da ido na san shi. Hotunan nan ranar da manya za su zo aka ɗauke su. Wannan da kake gani gangar jiki ce kawai, ban sa masa rai ba tukuna."

Yaya ya buɗe baki, ya dubi ƙanwarsa, ya rufe. Ba ya son ya jawo mata fitina a gidanta.

Daga nan aka shiga sa rai. Kyaftin ya zubo baƙin mai daga injin hagu har zuwa ƙarshen fiffike. Ya ga injin dama zai ji haushi, shi ma ya ba shi rabonsa. Ya ɓare fentin hanci, ya turnuƙe ciki da hayaƙi, ya yayyafa wa tayoyi taɓo, ya dusashe gilashin matuƙi. Ya ɗauko jan alli ya gangaro da tsatsa daga kowace kusa, ya ja da baya ya duba, ya ƙara. Mai tsofar da jirgi ba ya sanin ranar tsayawa, domin kullum akwai wani ɗan wuri da ya yi masa fari da yawa.

"Maigida, Yaya fa cewa ya yi a bar shi yadda yake," in ji matarsa daga bakin ƙofa.

"Ke da yayanki ba ku san tarihi ba. Miƙo min gishiri."

Ranar buɗewa da hantsi zauren ya cika da tsofaffi, wasu da sanda, wasu da matan abokan aikinsu da suka rasu. A gaba aka zaunar da shugabansu, wanda duk suke kira Oga, dattijo mai na'urar ji a kunne, wanda har yanzu in ya yi gyaran murya masu furfura ke gyara zama. Kyaftin ya sha hularsa, ya tsaya kusa da akwatin da aka lulluɓe da farin ƙyalle, ya yi jawabin minti ashirin da biyar. Ya bayyana wa makanikan yadda inji yake aiki. Ya gode musu da ɗan ƙoƙarin da suka yi a zamaninsu. Ya ce abin da za su gani yanzu shi ne jirginsu na gaskiya, kamar yadda ya fito daga hannunsu. Sannan ya janye ƙyallen.

Ba wanda ya tafa. Kyaftin ya ɗauka mamaki ne ya kashe musu baki, ya ɗan sunkuyar da kai don nuna tawali'u.

Oga ya dogara sanda ya matso, ya kusa manna hanci a gilashin. Ya daɗe yana dubawa. Da ya ɗago ba Kyaftin ya kalla ba, zauren ya kalla.

"Wa ke riƙe da injin hagu?"

Can baya wani tsoho ya miƙe da ƙyar. "Ni ne, Oga. Wallahi tallahi ban taɓa bari ya ɗiga ba. Shekara goma sha tara, ko sau ɗaya."

"Na sani, zauna."

Tsohon ya zauna yana share hawaye da bakin riga, kuma duk wanda ke wurin ya ji abin har cikin ransa, ban da mutum ɗaya. Oga ya ci gaba da bin jirgin da yatsa kamar yana karanta takardar tuhuma. Ya ce mai irin wannan yana nufin wani bai ɗaure noti ba. Hayaƙin nan ya bi ta inda babu salansa. Taɓon nan na jirgin da ya sauka a gona ne. Jikin kuma alminiyum ne, ba ya yin jar tsatsa, ko shekara ɗari zai yi a ruwa.

"Ranka ya daɗe, wannan shi ake kira fasaha," in ji Kyaftin. "Sai ido ya goge yake gane ta."

Yaya ya sunkuyar da kai kamar ƙasa ta tsage ya shige. Oga kuwa ya shafa gemu, sannan ya ce abin ya fi ƙarfin zauren nan, makarantar koyon gyaran jirage ya kamata a kai shi, inda ɗaruruwa za su amfana. Ya ce allon ma za a yi shi babba. Kyaftin ya koma gida yana taku ɗai-ɗai, ya shaida wa matarsa cewa cikin tsofaffin nan duka mutum ɗaya ne mai ido.

Bayan mako biyu ya kwashi ƙungiyarsa ta Asabar, su biyar, ya kai su makarantar su ga yadda ake girmama gwani. Akwatin na nan a tsakiyar babban ɗakin koyo, fitila na haska shi, ɗalibai sun kewaye shi da littattafai suna rubutu. Zuciyar Kyaftin ta yi fari. Ya gyara hula, ya ratsa su, ya duƙa ga allon tagullar.

A sama an rubuta: JIRGIN DA BAI KAMATA YA TASHI BA. NEMO LAIFI ASHIRIN. A ƙasa kuma ga sunansa da na mahaifinsa, manya-manya, ba kuskuren ko harafi ɗaya.

Likitan haƙori ya kamu da wani tari da ya ƙi tsayawa. Malamin ajin ya taho da sauri da ya ji ko wane ne baƙon, ya kama hannun Kyaftin da hannu biyu yana girgizawa.

"Yallaɓai, mun gode, ba mu taɓa samun abin koyarwa irin wannan ba. Sunanka kuwa ba wanda bai haddace shi ba a makarantar nan. Duk ɗalibin da ya yi aikin banza, da shi muke kiransa."