Ranar da Digirina Ya Sha Man Ƙosai

Ba zan taɓa mantawa da hutun da na zo gida Birnin Gwari ɗauke da akwatin katunan Fortran ba. Fortran shi ne yaren da muke ba kwamfuta umarni da shi a jami'a, zamanin da aka daina kashe fam da sule. Kowane layin umarni a kati guda ake huda shi. Kati ɗaya ya ɓace ko ya bar gurbinsa, aiki ya rushe. Nawa kuwa aikin kammala digiri ne, wata huɗu ina hudawa.

Da la'asar Kawu Sale, mai gadin gandun dajin Kamuku, ya tambaye ni, "To ɗan boko, ina makomar wannan abin naka?"

Nan na miƙe ƙafa a tsakar gida na shiga cika baki. Na ce ana nan ana yi wa Fortran gyara, sabon salo na tafe, za a riƙa buga umarni kai tsaye. "Katunan nan kam, Kawu, sun gama yayi. Shara ce kawai." Inna na gefe tana tankaɗe.

Washegari na buɗe akwati, wayam. Saura kwana biyar in miƙa aikin ga malamina, mutumin da ko murmushinsa ban taɓa gani ba. Wallahi tsoro ya kama ni.

"Inna, ina katunana?"

"Ba kai ka ce shara ce ba? Na ba Lami mai ƙosai, ta daɗe tana neman takarda."

Ko takalmi ban tsaya sa ba. Na iske Lami a bakin tasha tana zuba wa direbobi ƙosai da yaji a kan digirina. Na durƙusa gaban wani kwandasta, ina roƙon katin da ke hannunsa. Ya ce in bari ya gama ci. (Na kuwa bari.)

Ina durƙushen nan Kawu Sale ya iso a kan kekensa. Ya ƙare mini kallo, ya ce, "Ashe har yanzu sharar na da amfani?" Tasha ta kwashe da dariya.

'Yan katunan da na tsira da su duk sun sha mai, na'ura ta ƙi karɓar ko ɗaya. Sai da na maimaita shekara, ina ta huda kati, sabon salon bai iso ba.

Tun daga ranar, komai kyan abin da ke tafe, ba na kushe wanda ke hannuna. Balle a gaban Inna.