Ranar da Na Ɗanɗana Man Jirgi a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na ɗauki surukina shan iska a kan Kogin Potomac, duk da dai na yi iya ƙoƙarina in manta.

A Germantown, garin da muke zaune a Amurka, kowa Injiniya yake kirana (na kwamfuta ne, amma ban taɓa ganin dalilin tsayawa yin wannan ƙarin bayani ba). Wani tsohon Bature maƙwabcinmu zai koma wajen 'yarsa da zama, ya sa ƙaramin jirgin ruwansa a kasuwa. Ni da na tashi a Kano, ruwan da na sani shi ne na famfo, na ce ni zan saya. Matata Hauwa ta ce, "Ka iya ruwa ne?" Na ce mata ai amfanin jirgin ke nan.

Da zai miƙo mini mukulli, tsohon ya ce, "Shekara biyu ban kunna shi ba. Man da ke tankin ya tsufa, kuma ban zuba masa maganin da ke hana shi lalacewa ba. Ka kwashe shi tukuna." Na gyaɗa kai cikin ladabi, a raina kuwa dariya nake. Wai fetur ya lalace, sai ka ce nono! Mu da muka tayar da janareta da man 'yan bumburutu? Ga tanki kusan cike. Sai na ƙara masa sabo kaɗan a sama don su saba da juna.

Ana haka Baba, mahaifin Hauwa, ya zo daga Zariya bikin gama karatunta na aikin jinya. Dattijo ne marar yawan magana, kuma gyaran manyan motoci ya yi har ya yi ritaya. Tun da na auri 'yarsa bai taɓa gane ainihin aikin da nake yi ba, don haka na ƙudurta zan nuna masa abin da ido yake gani.

Muka isa bakin kogi da hantsi. Baba ya sha farar babbar riga, na ɗora masa rigar kariya mai ruwan lemo a kai. Yana shiga ya ɗan ja hanci.

"Injiniya, man nan kamar warin tsohon fenti yake yi."

"Ai Baba na ƙasar nan haka yake. Da bambanci da namu."

"To, madalla," in ji shi.

Injin ya tashi a karo na uku, yana tari. Muka miƙa, Hauwa tana ɗaukar mu a waya, ni ina riƙe da sitiyari da hannu ɗaya ina nuna wa Baba gari da ɗayan. Sai da muka kai tsakiyar ruwa, inda gaɓa ta yi nisa ta kowane ɓangare, injin ya yi shaƙuwa sau biyu ya yi shiru. Ruwa ya fara tafiya da mu a hankali. A nan na tuna mu ukun babu wanda ya iya iyo.

Na kashe na sake kunnawa (gyaran da na fi ƙwarewa a kai ke nan a ofis). Na buɗe murfin injin na ƙura masa ido, shi ma ya ƙura mini. Hauwa ta fara salati ƙasa-ƙasa.

Baba ya ce, yana kallon wani wajen don kada ya kunyata ni, "Da za a ɗebo man na ƙasa a kwalba a gani."

"Abin da nake shirin yi ke nan, Baba!"

Na zaro tiyo na zura har gindin tanki, na kafa baki kamar yadda na sha ganin direbobi suna yi a tasha. Na zuƙa, babu komai. Na tattara ƙarfina na sake zuƙa. Abin da ya cika mini baki ba zan kira shi fetur ba. Wani ruwa ne mai tsami da ɗaci, haɗe da tsatsa da yauƙi. Ban yi shawara da kowa ba na fesar da shi, iska kuma ta zaɓi inda za ta kai shi: farar rigar Baba, hularsa, da tabaransa.

Baba ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya karɓi tiyon ya tara kwalba, ya ɗaga ta sama. Abin ya rabu gida biyu ƙarara.

"Ruwa a ƙasa, mai a sama. Inji ba ya shan ruwa, Injiniya." Sannan ya miƙo mini gorar ruwansa. "Sannu. Kurkure bakinka."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi a kan sannun nan.

Wata tsohuwa da ke kamun kifi ce ta hango mu, ta zo da jirginta ta ɗaura mana igiya. Ta tambaya wane ne mai jirgin, Hauwa ta nuna ni tun kafin matar ta rufe baki. Haka aka ja mu har gaɓa, ni da Baba muna fuskantar juna, gwiwa tana gugar gwiwa, ina gyatsar fetur.

Kwana biyu Baba ya yi a ƙofar gareji. Ya kwance kafiretar injin ya wanke, ya sa muka zuƙe tankin da famfon hannu, na kai jarkokin inda hukuma take karɓar irin wannan shara. Aikina a gyaran shi ne miƙo sufana. Bai taɓa tayar da zancen ba har ya koma gida. Hauwa kuma ta rantse ba ta tura wa kowa hoton ba, sai dai ƙanenta da ke Kaduna duk lokacin da ya kira sai ya tambaye ni ko na ci abinci, ko dai man ya ishe ni.

Abin da na koya shi ne, in har mutum ya dage sai ya ji kunya a gaban surukinsa, to ya ji ta a tudu, inda aƙalla zai iya cewa ana kiransa a waya ya sulale.