Gwajin Hayaƙi a Gidan Baba Kumagai

"Ni Kumagai, ko tururin shinkafa ya kuskura ya yi yawa a gidana, sai duk unguwar nan ta ji labari!"

Haka Baba Kumagai yake faɗa yana bugun ƙirji, a 'yar unguwarmu da ke gefen Osaka. Shekara tara yana shugabancin kwamitin kare gobara, kuma ɗan'uwa, ko mai unguwa bai kai shi ɗaga hanci ba. Jan kambun shugabanci a damtse, usur a wuya, yana bin gida-gida kai a sama. Doka ta ce a sa na'urar jin hayaƙi a ɗakin kwana da saman matakala, shi kuwa ya mai da dokar kamar shi ya haife ta. Mu a bayan idonsa Leƙa-Silin muke ce masa.

To bana sai aka samu mai ja da shi. Inna Tomiko mai awara, maƙwabciyarsa, wadda ya taɓa yi wa tsiya a bainar jama'a wai na'urarta ta yi ƙura, ta ce ita ma tana son kambun. Aka sa zaɓe ranar Lahadi. Baba ya ji tsoro ƙwarai, don in babu kambun nan, ba mai buɗe masa ƙofa sai matarsa.

Sai ya shirya dabara. Ya gayyaci 'yan unguwa gidansa da hantsi kafin zaɓe, har da Malama Shiraishi, jami'ar kwana-kwana, a zo a ga yadda gidan ƙwararre yake.

Matarsa Fumie ta ce, "Maigida, ba zaren jikin na'urar ake ja a gwada ta ba?"

"Jan zare na 'yan koyo ne! Ni da hayaƙin gaske zan gwada."

Jama'a suka cire takalma, suka cika falo. Gogan naka ya dire kurfoti a gindin matakala, ya ɗora kifin sanma mai maiƙo a kan garwashi, ya ɗaga yatsa.

"Ku toshe kunne. Kafin in ƙirga goma za ta kwantsama ihu."

Ya ƙirga goma. Shiru. Ya ƙirga ashirin, ya ce ta farkon ɗumama baki ce. Shiru.

"Shugaba, ko ta tafi hutun Lahadi ne?" in ji Inna Tomiko.

"Tawa mai hankali ce, ba ta ihu a kan ƙaramin abu irin ta wasu. Fumie, ƙaro kifi!"

Kifi ya zama huɗu. Baba ya ɗauki mafici yana kora hayaƙi sama, gumi na tsiyaya daga sanƙonsa. Mutane suka fara tari da hawaye. Wani ya buɗe taga, hayaƙi ya yi waje, ya faɗa tagar maƙwabta. Can sai aka ji muryar na'ura mai magana ta tsage: "Gobara! Gobara!"

Baba ya daka tsalle. "Kun ji ko? Kun ji aikin maza?"

Inna Tomiko ta goge ido da gefen riga. "Yi haƙuri, Shugaba. Tawa ce, mai ƙurar nan. Daga gidana take jiyo kifinka."

Malama Shiraishi ba ta yi dariya ba. Ta sa aka fitar da kurfotin, ta ce, "Baba, gawayi a cikin gidan katako? Wannan ma na rubuta. Kawo tsani."

Ya ce shi zai hau, ba mai taɓa masa kaya. Da hayaƙi ya lafa ne kowa ya ga abin da shi bai taɓa gani ba, don silin ɗin kowa yake leƙawa ban da nasa. Na'urar tana ƙunshe cikin leda, an ɗaure bakinta tam da roba.

"Wane maƙiyi ne ya yi mini wannan?"

Fumie ta ce, "Ka tuna bazarar shekara uku da suka wuce, da ka kunna gwangwanin hayaƙin kashe kyankyaso? Ledar da ake haɗowa da shi ce, ta rufe na'ura kada ta yi ihun banza. Ana gamawa ake cirewa."

"To ke kika manta!"

"Ni? Kai ka hau. Ka ce mace ba ta iya ɗauri ba."

Baba ya fizge ledar da ƙarfi don ya rufe zancen. Ai kuwa sai ruwan kyankyasai, manya da ƙanana, har da wani tsoho mai dogon gashin baki da ya sauka daidai tsakiyar sanƙon. Ashe ranar da guba ta cika gidan, nan ne kaɗai wurin da ba ta shiga ba, suka ji daɗin wuri suka yi zamansu. Baba ya sulmiyo daga tsani yana kakkaɓar wuya, usur na busa kansa a bakinsa.

Malama Shiraishi ta ciro na'urar ta juya bayanta. "Shekara goma ake sauya ta. Wannan sha huɗu gare ta, batirin ma ya mutu tuni."

Ba a ko je zauren taro ba. A nan falon aka ɗaga hannu, har da hannun Fumie, Inna Tomiko ta zare kambun daga damtsensa.

Baba ya bi jami'ar har bakin ƙofa, murya ƙasa-ƙasa. "Ranki ya daɗe, shekara tara fa ina hidima. A samu ko kalmar yabo ɗaya a rahoton mana."

Ta zura takalminta, ta rusuna cikin ladabi.

"Na sa, Baba. Na rubuta cewa duk unguwar nan, na'urarka ce kaɗai ta taɓa ceton iyali guda cur, har da jikoki."